Babi na Huɗu: Tarihin da Yaro Zai Gani da Idonsa

Me ya sa yaro ɗan aji biyar a Batsari zai lissafo maka 'yan ƙwallon Ingila da na Sifen ɗaya bayan ɗaya, har da lambar rigar kowa, amma in ka tambaye shi wane ne Ɗanwaire sai ya tsaya yana kallonka? Iyaye da malamai sun sha yin wannan tambaya, yawanci cikin takaici, kuma amsar da aka fi bayarwa ita ce wai yaran yanzu ba ruwansu da tarihi. Ban yarda da wannan amsa ba. Yaron ya san ɗan ƙwallo ne domin ya gan shi. Ya gan shi a gidan kallo, a jikin rigar gwanjo, a bangon littafin rubutunsa, a wayar yayansa. Ɗanwaire kuwa, jarumin Ruma da sunansa ya cika ƙasar Katsina da Maraɗi a ƙarshen ƙarni na 19, yaron bai taɓa ganin ko zanen dokinsa ba. Gani ya kori ji.

A da kaka ce ke riƙe da wannan aiki, ita da tsofaffin da ke zama a ƙofar gida bayan sallar isha'i. A ƙauyuka da dama na Batsari da Safana wannan zama ya watse. Wasu gidajen sun yi gudun hijira zuwa cikin gari, wasu kuma da magariba ta yi kowa ke shigewa ya rufe ƙofa. Makaranta ma ba ta cike gurbin ba, domin wajen 2009 an cire tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin ƙaddamar da maido shi. An maido darasi, to da wane littafi za a koyar da shi, kuma labarin wa ke ciki?

Aikin da zane ke yi

Yaron da ke koyon karatu yana fama da abu biyu a lokaci ɗaya: haɗa baƙaƙe su zama kalma, da gane abin da kalmar ke nufi. In ya haɗa baƙaƙen "lifidi" da ƙyar, sannan bai san mene ne lifidi ba, wahalarsa ta tashi a banza, kuma gobe ba zai so komawa shafin ba. Amma in ga doki nan a gabansa an lulluɓe shi da rigar auduga mai kauri tun daga wuya har cinya, mahayinsa da kwalkwali da garkuwar fata, sai kalmar ta samu wurin zama a kansa. Zai ma fara tambaya da kansa: dokin ba ya jin zafi? Kibiya ba ta huda shi? Daga irin wannan tambaya ake fara son tarihi.

Masu ilimi sun daɗe da gane haka. A 1658 wani malami mai suna Komeniyus ya fitar da littafin Orbis Pictus a birnin Nurembag na Jamus, wanda ake ɗauka a matsayin littafin koyarwa mai hotuna na farko da aka yi musamman domin yara. Kowane darasi da zanensa, an sa lamba a jikin kowane abu da ke cikin zanen, lambar kuma tana kai yaro ga sunan abin a rubuce. Dabara ce mai sauƙi, har yau ba ta tsufa ba.

Wanda labarinsa ya fi kama da namu shi ne wani Ba'indiye, Anant Pai. Ya kalli gasar kacici-kacici ta yara a talabijin, ya ga suna amsa tambayoyi kan tatsuniyoyin Girkawa cikin sauƙi, amma da aka zo kan labarin ƙasarsu sai suka kasa. A 1967 ya fara fitar da jerin littattafan zane mai suna Amar Chitra Katha, waɗanda suka kai ɗaruruwa, aka fassara su zuwa harsunan Indiya masu yawa. Bai tsaya zagin yara ba, ya je ya nemo masu zane.

Mu ma mun taɓa farawa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan baƙon abu ne a ƙasar Hausa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Dokta Rupert East. Cikin littattafan farko da ta fitar akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, a farkon shekarun 1930, wanda aka tattaro daga tsofaffin rubuce-rubucen tarihi domin ɗaliban makaranta. Gasar 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, kuma dukkansu biyu Katsina ta san su a matsayin malaman makaranta. Sai Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, a ƙarshen shekarun 1930. Duk wanda ya karanta shi yana yaro zai gaya maka cewa tun kafin ya iya karanta shafi guda ya riga ya haddace zane-zanen da ke ciki.

Tarihi ma an rubuta shi da Hausa mai daɗi. Bello Kagara ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Wazirin Kano Abubakar Dokaji ya rubuta Kano ta Dabo Cigari, Wazirin Sakkwato Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani, Abdulmalik Mani ya rubuta Zuwan Turawa Nijeriya ta Arewa. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA ta zamanin Yaƙi da Jahilci, da kamfanin NNPC da ya biyo baya a 1966, su suka riƙa buga irin waɗannan littattafai suna kai su larduna.

Sai dai an raba aikin gida biyu, kuma ba a sake haɗa shi ba. Zane ya fi yawa a littattafan hira da tatsuniya da na koyon karatu. Littattafan tarihi kuwa an yi su ne domin manya da manyan ɗalibai, rubutu shafi bayan shafi, in an yi sa'a a samu hoton sarki ko taswira ɗaya. Bincike mai zurfi da ya zo daga baya da Turanci aka rubuta shi. Littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981, taska ce babba, amma ɗan shekara tara a Runka ba zai iya buɗe ta ba. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa na 'yan shekarun nan, irin su RANA da aka gudanar a jihohin Katsina da Zamfara, sun samar da ƙananan littattafai masu hotuna, kuma sun yi amfani. Amma manufarsu koyar da haɗa baƙi ce, ba tarihin garin yaro ba.

Labarin da ke kwance a yammacin Katsina

Wani zai ce, to Batsari da Safana wane tarihi gare su da zai cika littafi? Ai tarihi na birni ne, wajen Gobarau da Ƙofar Soro.

Ka tambayi yaro a Wagini ko Babban Duhu abin da ya sani game da Dajin Rugu. Abu ɗaya zai faɗa maka: daga nan 'yan bindiga ke fitowa. Tun da ya yi wayo abin da ya sani ke nan. Ya ji labarin harin da aka kai Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum talatin. Ya ji an kwashe ɗalibai sama da ɗari uku daga makarantar kwana ta Ƙanƙara a watan Disambar wannan shekarar. Watakila ajinsu ma ya taɓa zama masaukin 'yan gudun hijira. A wurinsa dajin nan haka Allah ya yi shi, haka kuma zai dawwama.

Alhali dajin yana da tarihi, kuma tarihin na mutane ne. Bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi birnin Katsina a zamanin jihadi, wajen 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna sun yi arewa, suka kafa mulki a Maraɗi, suka ci gaba da neman dawowa. Ƙasar Ruma ta faɗo tsakiyar wannan jayayya. A zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, ɗan Ummarun Dallaje, wanda ya yi sarauta daga 1836 zuwa 1844, garuruwan wannan yanki sun yi tawaye tare da goyon bayan Maraɗi. An murƙushe tawayen da ƙarfi, garuruwa suka watse, gonaki suka koma jeji. Ke nan wani ɓangare na abin da ake kallo a matsayin daji tun fil'azal, kufai ne, akwai ganuwa da rijiyoyi da kaburbura a ƙarƙashin itatuwansa. Daga baya mutane suka dawo suka sake kafa garuruwa, suka gina ganuwa, jarumai irin su Ɗanwaire suka tashi a wannan bakin iyaka. Har yau hakimin Batsari sarautar Sarkin Ruma yake riƙe da ita, na Safana kuma Yariman Katsina. A ƙarni na 20 yankin ya zauna lafiya, aka keɓe gandun Ruma da Kukar Jangarai, Runka ta yi suna wajen kiwo da nono, kasuwanni suka cika, rogon Batsari ya kai garuruwa masu nisa.

Yaron da ya ga wannan a shafuka goma sha biyu, gari ya cika, ya watse, ya sake cika, zai san abin da babu wanda ya taɓa gaya masa: ƙasarsu ta taɓa shiga irin wannan hali, ta kuma fita, kuma kakanninsa ne suka sake gina ta da hannunsu. Wannan ba lallashi ba ne, abin da ya faru ne. Ina ganin babu yaron da ya fi buƙatar ya san shi kamar wanda ke kwana da takalmi a ƙafa saboda tsoron dare.

Shafi biyu a ƙofar Zakka

Bari mu ɗauki rana guda mu ga yadda za ta zama shafi biyu masu fuskantar juna.

A watan Maris na 1853 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tashi daga birnin Katsina zuwa wajen Sarkin Musulmi, cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Hanyarsu ta bi ta Kuraye da Kurfi, ta kawo su Zakka, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Safana. Daga nan suka ratsa jeji cikin fargabar mayaƙan Gobir, suka ɓulla wajen Zurmi. Ya rubuta duk wannan a littafin tafiyarsa mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858. Ga rana, ga gari, ga shaidar wanda ya gani da ido. Marubuci ba ya buƙatar ƙirƙirar komai. Jimla huɗu ko biyar sun isa a ƙasan shafi: wane ne baƙon, daga ina ya fito, me ya sa ayarin ke sauri.

Sauran aikin na mai zane ne, kuma a nan ake gane gwani. Watan Maris bazara ce, don haka ba za a zana gero ya yi kore ba. Gonaki fili ne, sai kututturan kara, gawo kuwa yana da ganye, domin shi da damina yake zubar da nasa. Ganuwar ƙasa ce, ƙofa ƙarama, mai gadi a samanta. Ɗakuna na tubali da jinka, rumbuna a bayansu. Babu kwanon rufi ko ɗaya. Yarinyar da ta ɗebo ruwa tulu ne a kanta, ba bokitin roba ba. Mai fura ƙwarya da ludayi ne a gabanta, wanda ya saya kuma wuri zai ƙirga mata, ba kwabo ba. Matafiya na da salka a jikin raƙumi, jakuna ɗauke da mangala, 'yan rakiya da baka da kwari da masu, bindiga ɗaiɗaiku ce. Tufafi saƙi ne na gida, fari ko rinin baba, rawani sai ga manya.

Sai itatuwa, inda kusan kowa zai yi tuntuɓe. Mai zanen da ya tashi a Katsina ta yau, in aka ce ya zana gari, hannunsa da kansa zai jera bedi a bakin hanya, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro. Amma bedi baƙo ne daga Indiya, sai a 1928 aka kawo shi Nijeriya, aka fara dasa shi a Borno. Barth bai ga ko ɗaya a Zakka ba. Abin da ya dace a zana shi ne kuka da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da marke da kanya. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, yaro ba zai lura ba. Gaskiya ba zai lura ba, shi ya sa ma kuskuren ya fi haɗari. Babba in ya karanta abin da bai gamsu da shi ba yakan yi gardama, yaro kuwa abin da ya gani a zane ya shige ke nan, zai girma da shi. In kuma aka yi daidai, sai a samu riba biyu. Malam zai iya cewa, "Yara, ku nemo mini itacen da ke ƙofar makarantarmu wanda babu shi a wannan hoto." In suka rasa bedi, sun koyi cewa har itatuwa suna da ranar zuwa.

Ina mai zane zai samo waɗannan abubuwa? Ba sai ya je Turai ba. Tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar. Hawan sallah na fito da lifidi da sulke da kwalkwali, ana iya tsayawa a kalle su da kyau. Gidajen sarauta da na maƙera da na mafarauta a Ruma da Zakka da Runka suna ajiye da takubba da masu da aka gada. Abubuwan da aka tono a Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani, tun daga tonon 1907 zuwa na 1992, sun nuna irin mundaye da duwatsun ado da tasoshin ƙarfe da manyan ƙasar Katsina ke amfani da su ɗaruruwan shekaru kafin jihadi, wasunsu daga ƙasashe masu nisa aka kawo su. Mai zanen littafin tarihi ɗan bincike ne, dole a ba shi lokaci da kuɗin mota, a kuma sa sunansa a bango daidai da na marubuci.

Akwai wani haƙƙi kuma da yaro ke bin mu. A gaya masa wanne hoto ne na kyamara, wanne ne zanen da aka yi bisa kwatance. Sarki Dikko an ɗauke shi hoto sau da yawa, har da na tafiyarsa Makka da Ingila a 1921, ana iya sa su yadda suke. Muhammadu Korau ko Wali Ɗan Marina kuwa babu wanda ya bar mana kamanninsu. Hotunan da ke yawo a waya wai na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, duk hasashe ne. Layi ɗaya a ƙasan zane ya isa ya bayyana haka, kuma wannan layi shi ne darasin farko na bambance abin da aka tabbatar da abin da aka zata.

"Malam, zanen mutum ya halatta?"

Wannan tambaya za ta taso a taron iyaye da malamai na farko, kuma mai yin ta ba ƙiyayya da ilimi ce ta sa shi ba. Maganar zana abu mai rai magana ce da malamai suka tattauna tun da daɗewa, kuma ra'ayinsu ya bambanta. Da yawa daga cikinsu sun sassauta a kan abin da aka yi domin koyar da yara, suna kafa hujja da 'yan tsanan da Nana A'isha ta yi wasa da su a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wasu kuma sun fi son a kauce. Duk wanda zai yi littafi domin yaran Batsari da Safana, wajibi ne ya zauna da malaman garin tun kafin a ja layi na farko, ba bayan an buga ba. Iyaka ɗaya kowa ya yarda da ita: ba a zana annabawa, ba a zana sahabbai.

Ko ga gidan da ya fi tsanantawa, akwai hanya mai faɗi. A 2003 wani mai zane a Amurka, David Macaulay, ya fitar da littafi kan yadda ake gina masallaci irin na Daular Usmaniyya a Istambul. Yawancin shafukansa tushe ne da ginshiƙi da ƙubba da kayan aikin magina, kuma yara na ɗaukar sa'o'i suna kallo. Me zai hana a yi wa hasumiyar Gobarau haka? A nuna kwaɓa ƙasa, da murza tubali, da jera azara, da shafen makuba, mataki bayan mataki. Ko a tsaga ganuwar Ruma a nuna kaurinta da gwalalon da ke bayanta. Ko taswirar hanyar fatake daga Katsina zuwa Zurmi, da rijiyoyin da ake yada zango. Mutane na iya fitowa daga nesa, ko ta baya, ko a cikin taro. Ƙasar da ta iya zayyanar allo da adon bangon soro da aikin wuyan riga ba ta rasa hannun zane ba.

Wa za a zana da mugunyar fuska?

A nan ne na fi jin tsoro, kuma a nan ne littafi zai iya yin ɓarnar da ta fi amfaninsa.

Labarin yaƙi yana son jarumi da mugu, mai zane kuma yakan ba mugu jajayen idanu da murtukakkiyar fuska. To a labarin Ruma wane ne mugu? In a Katsina aka rubuta, sai a ce Maraɗawa mahara ne. In a Maraɗi aka rubuta, inda har yau sarkinsu ke amsa sunan Sarkin Katsina, sai a ce masu neman gidan ubansu ne. Yaran ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, danginsu ɗaya, kasuwar Jibiya ke haɗa iyayensu. Littafin kirki zai iya faɗin abin da kowane ɓangare ke nema, da abin da ya aikata, ba tare da ya mai da kakan wani dodo ba.

Abin ya fi tsanani in aka dubi halin da ake ciki yau. A aji ɗaya a Safana akwai ɗan manomi da aka kashe masa uba a gona, akwai kuma ɗan makiyayi da aka kore musu shanu aka ƙone musu ruga. In duk wanda aka zana da sanda da malfa a littafin ya fito a matsayin maƙiyi, an zuba wa wuta fetur da hannun makaranta. In kuma aka share wahalar da mutane suka sha, aka zana kowa yana murmushi, yaron zai gane ƙarya ake masa, domin ya ga abin da ya gani. Tsakanin waɗannan biyu akwai gaskiyar da za a iya zanawa: makiyayi ya sauka a gonar manomi da rani domin taki, an ba shi dami, matarsa ta kawo nono kasuwa ta koma da gero, burtali a buɗe, mashaya ta kowa ce. Haka aka zauna shekaru masu yawa a wannan yanki, tsofaffi na ɓangarorin biyu suna raye, za su ba da shaida. Yaron da aka haifa bayan 2010 bai taɓa ganin wannan zama da idonsa ba. In bai gan shi a littafi ba, zai ɗauka tatsuniya ce.

Jini kuwa ba sai an zana shi ba. Ƙofar gari a rufe, rijiyar da ciyawa ta cinye, tsohuwa ɗauke da ƙullin kaya a ka, sun isa su gaya wa ɗan shekara goma cewa yaƙi ya wuce ta nan. Kada kuma a manta da mata da masu sana'a. In sarakuna da mahaya dawakai kaɗai suka cika shafuka, yarinyar da ke karatu za ta nemi kakarta ta rasa, alhali ita ce ta kaɗa zaren rigar da jarumin ya sa, ita ta daka guzurin da ya tafi da shi.

Takarda ko waya?

Za a ce bugu da launi yana da tsada, a sa littafin a waya kawai, a tura ta WhatsApp. A yi hakan ma, ba laifi. Amma mutanen Batsari da Safana ba su manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na jihar Katsina saboda tsaro, har da nasu, aka yi watanni ba sabis. Wayar gidan ma ta uba ce, tana aljihunsa. Littafin takarda ba ya neman caji, yana shiga buhu in za a gudu, kuma yara biyar na iya haɗa kai a kansa.

Ba sai an fara da babban aiki ba. Irin waɗannan littattafai galibi shafi 32 ake yi, saboda yadda ake naɗe takarda a maɗaba'a. Launi biyu ma sun isa in zanen ya yi kyau. Ana iya buga babba guda ɗaya mai manyan shafuka wanda malam zai ɗaga wa aji duka, sannan ƙanana da za a ba yara aro. Hausar ta zama daidaitacciya domin a karanta a ko'ina, amma in tsoho zai yi magana a cikin labarin, a bar shi ya yi ta da bakinsa na Katsinanci, a bar sunayen wurare yadda masu wurin ke kiransu.

Duk wannan kuwa ya rataya ne a kan abu ɗaya da ba ya jira. Abin da Barth ya rubuta game da yankin 'yan shafuka ne, abin da ke cikin littattafan jami'a ma bai kai yawan abin da ke bakin mutane ba. Sauran yana wajen tsofaffin Ruma da Zakka da Wagini, wajen maroƙa da makaɗa da mafarauta da ardo-ardo, waɗanda da yawansu yanzu suna zaune a ɗakunan haya a Katsina da Dutsinma, nesa da kufan da za su iya nunawa da yatsa. Yadda za a je a same su, da irin tambayar da ake yi wa tsoho har ya saki baki, da abin da za a yi in dattawa biyu suka ba da labari ɗaya ta hanya biyu, shi ne abin da babi na gaba zai duba.